Yadda Ake Tsara Ofis da Kula da Takardun da Ke Shigowa

“An nemi fayil ɗin, ba a gani ba.” Duk wanda ya taɓa bin fansho, ko ƙarin girma, ko kuɗin kwangila ya san wannan maganar. Amma yawancin takardun da ake cewa sun ɓata ba sace su aka yi ba. Suna nan cikin ofishin, ƙarƙashin wani fayil, ko cikin durowar wanda ya tafi hutu, ko a aljihun motar oga. Abin da ya ɓata shi ne labarinsu: babu wanda ya rubuta ranar da suka shigo, babu wanda ya rubuta hannun da suka faɗa. Wannan bayani na masu riƙe da ƙaramin ofis ne, kamar ofishin shugaban makaranta, ko asibitin sha-ka-tafi, ko wani sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ƙungiya, ko kamfani mai ma'aikata kaɗan, inda mutum ɗaya ne sakatare, shi ne akawu, wani lokacin ma shi ne masinja.

Fara da kwashe komai

Ka zaɓi lokacin da jama'a ba sa zuwa, kamar bayan sallar Juma'a ko safiyar Asabar. Ka samo kwali uku, ka sauke duk abin da ke kan tebur da cikin durowa. Kwali na farko na takardun da har yanzu ake jiran a yi wani abu a kansu ne. Na biyu na waɗanda aikinsu ya ƙare amma dole a adana. Na uku na shara: ambulan da aka buɗe, katin ɗaurin auren da ya wuce, kwafin da inji ya ɓata, tsohuwar kalanda.

Kada ka zauna karanta kowace takarda daga sama har ƙasa, don magariba za ta same ka ba ka ci rabin kwali ba. Dubi abu uku kawai: wa ya aiko, yaushe, a kan me. Sai ka jefa ta inda ta dace. Sharaɗi ɗaya ne a nan: duk takardar da ke ɗauke da sa hannu ko hatimi ba ta shiga kwalin shara da ra'ayinka kai kaɗai, ko da kana ganin ba ta da amfani. Ajiye ta a kwali na biyu har shugaba ya gani.

Tsara tebur da ɗakin

Tebur hanya ce, ba rumbu ba. Takarda ta hau, a yi mata abin da za a yi, ta sauka. Saboda haka abin da zai zauna a kansa kaɗan ne: tire uku, littafin rajista, dayari, biro, da kwamfuta in akwai. Tire ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da zai fita, ɗaya na abin da ke jiran amsa daga wani wuri. In babu kuɗin sayen tire, murfin kwalin takardar A4 ya wadatar, daidai girman takardar yake. Rubuta sunan kowanne da manyan baƙaƙe yadda ko ba ka nan, mai kawo saƙo zai san inda zai ajiye.

Sa tebur ɗin yadda kana ganin ƙofa, taga kuma ta kasance a gefenka. In taga tana bayanka, haske zai riƙa dukan fuskar kwamfuta, kuma mai wucewa ta waje yana iya karanta abin da kake bugawa. Kujerar baƙo ta zauna a gaba, nesa da tiren shigowa. Mutanenmu akwai son leƙe, ana gaisawa ido yana kan takardar wani. Ka samu wani abu mai nauyi na danne takardu, saboda fanka.

Durowa ta sama ta kayan aiki ce: sitefula da allurarta, abin huda takarda, 'yar igiyar nan mai ƙarfe a baki biyu da ake ɗaure fayil da ita, almakashi, gam, tawadar hatimi. Durowa mai makulli kuwa ta hatimin ofis ce, da littafin cek, da littafin rasit, da takardar ofis mai tambari. Waɗannan huɗun su ne ake yin jabu da su, kada su kwana a fili. Ruwan leda da kofin shayi a nema musu wani ɗan benci a gefe. Ledar ruwa ɗaya ta isa ta wanke sa hannun da aka yi wata guda ana bi.

Kabad ɗin fayil kada ya jingina da bango, kada kuma ya zauna kai tsaye a ƙasa. Bar tazarar da hannu zai shiga a bayansa, ka ɗora shi kan bulo ko ƙafar ƙarfe. Gara ta bango da ƙasa take bi, kuma ba a ganin aikinta sai ta gama. Ka ɗaga kai ka dubi silin: duk inda ka ga tabon ruwa, damina za ta dawo ta nan, kada a sa takarda a ƙarƙashinsa. Da hunturu kuma a riƙa rufe kabad, a lulluɓe kwamfuta da injin buga takardu da ƙyalle in an tashi.

Ƙofa ɗaya tak

Nan ne gyaran yake farawa da gaske. Dole a ce duk takardar da ta shigo ofis ta hannun mutum ɗaya take bi, a san shi, a kuma san wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Maigadi ba ya karɓar takarda ya ajiye a ɗakinsa, direba ba ya karɓa, sai dai su nuna wa mai kawowa inda zai kai.

Babbar kafar da takardu ke zurarewa ita ce shugaban kansa. A masallaci ake miƙa masa takarda, a wurin ɗaurin aure, a gidan gaisuwa, a bakin mota. Ya karɓa don kunya, ya cusa a aljihun babbar riga, bayan mako biyu mai takarda ya zo ofis yana cewa ai ya ba oga hannu da hannu. Maganin wannan tambaya ce guda, kowace safiya bayan gaisuwa: “Ranka ya daɗe, ko akwai takardar da aka ba ka a hanya?” In mace ce: “Hajiya, ko an ba ki wata takarda jiya?” Da farko za a ga kamar ka cika naci. Ranar da tambayar ta fid da shi kunya, shi da kansa zai fara miƙo maka tun kafin ka tambaya.

Haka saƙon da ya zo ta imel ko WhatsApp. In magana ce ta aiki, kamar gayyatar taro ko umarni daga hedikwata, a buga shi a takarda, ya bi layin da sauran suka bi.

Lokacin karɓa

Kafin ka sa hannu, duba sunan ofishin da ke kan ambulan, don sau da yawa masinja yakan kawo ta maƙwabta. Sannan ka buɗe a gaban wanda ya kawo. In wasiƙar ta ce an haɗo da takardu biyar, ƙirga su. In huɗu ka gani, rubuta hakan a kan wasiƙar da kuma a kwafin da zai koma da shi, ku duka ku gani. In ba ka yi haka ba, ranar da aka nemi ta biyar kai za a tuhuma.

Buga hatimin karɓa a fuskar takardar, inda babu rubutu, ka sa kwanan wata da sa hannunka. Ga takardun kotu da na neman kwangila, ƙara da lokaci, ƙarfe kaza da minti kaza. Ka tabbata ka juya kwanan watan hatimin tun da safe, kafin takardar farko ta iso.

Akwai ambulan da ba a buɗewa. Wanda aka rubuta “sirri” a kansa, da wanda aka rubuta sunan mutum ba muƙaminsa ba, da na masu neman kwangila da aka liƙe don ranar buɗewa. Waɗannan sai ka rubuta shigowarsu kamar yadda suke, a rufe, ka miƙa ga mai su ya sa hannu. In kuma ka buɗe ambulan ka tarar da kuɗi ko cek, kira wani abokin aiki nan take ya shaida, ku rubuta adadin da lambar cek ɗin, a kai wa ma'aji a ranar. Ambulan ɗin da ya zo ta gidan waya da hatimin ranar aikowa, in takardar mai wa'adi ce, liƙa shi a bayanta, shi ne shaidar cewa a hanya ta makara.

Littafin rajista

Sayi babban littafi mai kauri, ɗinkakke, ba mai zare shafi ba. Buɗe shafi biyu masu fuskantar juna ka ja layuka daga sama zuwa ƙasa. Gidajen su ne: lambar shigowa, ranar da takarda ta iso, ranar da ke rubuce a kanta, lambar da masu aikowa suka ba ta, wanda ya aiko, abin da ta ƙunsa, lambar fayil ɗin da ta shiga, wanda aka miƙa wa, da sa hannunsa. Lamba ta fara daga 1 a ranar aiki ta farko a watan Janairu, a haɗa ta da shekara, misali 1/2025, a yi ta tafiya har Disamba. Lambar da ka ba ta a littafi, ita za ka rubuta cikin hatimin da ka buga mata. A ofisoshin Maraɗi da Damagaram ma tsarin ke nan, littafin shigowa daban, na fita daban, sai dai can da Faransanci ake cika su.

Gidan “abin da ta ƙunsa” shi ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai ka ga an rubuta “neman taimako” ko “ƙorafi” sau talatin a shafi ɗaya. Bayan wata shida wa zai gane wanne ne wanne? Rubuta “neman gyaran rufin aji uku da iska ta yaye” ko “ƙorafin rashin biyan alawus na watan Maris”. Kalma biyar da ka ƙara yau za ta hutar da kai binciken awa biyu nan gaba.

Kada ka tsallake layi, kada ka bar gurbi don wani ya zo daga baya a cusa masa takarda da tsohon kwanan wata. Za a roƙe ka hakan, musamman in wa'adin wani abu ya wuce, kuma littafin da babu gurbi a cikinsa shi ne uzurinka. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda ana iya karanta na ƙasa, ka sa hannu a gefe. Kada a shafe da farin ruwan goge rubutu, kada a yage shafi.

Wasu suna yin rajistar a kwamfuta, kuma tana da daɗin bincike. Ni dai shawarata a riƙe littafin ko da ana yin ta kwamfuta, don ba a sa hannu a kan allo, kuma ɗauke wuta ba ya hana buɗe littafi.

Ware mai wa'adi

Bayan rajista, kafin komai, zaro takardun da ke da rana a cikinsu. Sammaci da sanarwar zaman kotu, takardar tuhuma da aka ce a amsa cikin awa kaza, gayyatar taro, takardar masu binciken kuɗi. In ofishin gwamnati ne a Najeriya, ka san cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kwana bakwai ta bayar a amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce, saboda haka irin wannan takarda ba ta kwana a tire. Duk mai wa'adi a kai wa shugaba a ranar, a kuma rubuta ta a dayari sau biyu: a ranar wa'adin, da kwana biyu kafin ta. Sauran su jira lokacin da kuka tsayar na shigar da takardu, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan azahar, maimakon a yi ta shiga ana fita da takarda ɗai-ɗai.

Shigar da takarda fayil

Takarda ba ta zuwa gaban shugaba tsirara. A cikin fayil ɗinta take tafiya, don ya ga abin da aka yi a baya kan maganar kafin ya yanke hukunci.

Ana buɗe fayil ne bisa batu, ba bisa wanda ya aiko ba. Ɗauki makaranta: rukunin ma'aikata, rukunin ɗalibai, na kuɗi, na gine-gine da kayan aiki, na jarrabawa, na hulɗa da ma'aikatar ilimi, na ƙungiyar iyaye da malamai. Kowane rukuni a ba shi harufa, kowane fayil a cikinsa a ba shi lamba. In KU ne kuɗi, KU/1 ya zama kasafi, KU/2 albashi, KU/3 sayayya. Kowane ma'aikaci kuma da fayil nasa na kansa. Sai a rubuta jerin dukkan fayilolin a wani ƙaramin littafi, kuma ba mai buɗe sabon fayil sai ya duba jerin ya tabbata babu irinsa. In ba haka ba, za ka wayi gari da fayil uku kan gyaran rijiyar burtsatse ɗaya, kowanne da rabin labari.

Kada ka buɗe fayil mai suna “sauran abubuwa”. Cikin wata uku zai fi kowanne ƙiba, kuma duk abin da ya shige shi ya shiga ke nan.

Huda takardar a kusurwar sama ta hagu, ka kula kada hudar ta ci rubutu ko lamba, ka zura igiya. Sannan ka ba kowane shafi lamba a kusurwar sama ta dama, bi da bi, daga inda na baya ya tsaya. Wannan lambar ita ce mai gadin fayil: in aka zare shafi na 47, duk wanda ya ga 46 sai 48 ya san an taɓa. Wasu ofisoshi sabuwar takarda a sama suke sa ta, wasu a ƙarshe kamar littafi. Bi abin da ka tarar, in kuma kai ne mai farawa zaɓi ɗaya, kada a gauraya.

In takarda ɗaya ta taɓo batu biyu, asalin ya shiga fayil ɗin da ya fi shafarta, a yi fotokwafi a sa a ɗayan, a rubuta a kan kwafin inda asalin yake. Rasit ɗin POS da ire-irensa masu santsi a yi musu fotokwafi a ranar, a haɗa da asalin, don rubutunsu gogewa yake da zafi, kafin masu bincike su zo ya zama farar takarda. Ƙananan rasitai a manna su a kan cikakkiyar takarda kafin a huda. Cire allura da maƙalin ƙarfe daga abin da zai daɗe a ajiye, tsatsa suke yi su ci takarda. Fayil in ya yi kaurin da bangonsa ba ya rufuwa, a rufe shi, a rubuta ranar takardar farko da ta ƙarshe a bango, a buɗe juzu'i na biyu da lamba iri ɗaya.

Fitar fayil da dawowarsa

Duk fayil ɗin da zai bar kabad, a rubuta a littafin zirga-zirga: lambarsa, wurin wa ya tafi, yaushe, sa hannun mai karɓa. A gurbinsa cikin kabad a tsayar da wani kati mai ɗauke da wannan bayani. In wanda ya karɓa ya tura shi gaba, ta wurinka zai bi, ko aƙalla ya sanar da kai. Kuma kada a ba wanda maganar ta shafa fayil ɗinsa ya kai da kansa, komai saurin da yake yi, komai sanayya. Ta nan takardar gargaɗi ke ficewa daga fayil, ta nan kuma wadda ba a sani ba ke shiga.

Idan fayil ya dawo, karanta umarnin da aka rubuta. A aikin gwamnati za ka ga PA, wato an gama a mayar kabad. Za ka ga BU da kwanan wata, wato a sake kawo shi a ranar. Wannan sai ka rubuta a dayari a shafin ranar, ka mayar da fayil kabad, kada ka bar shi kan tebur yana jira. Za ka kuma ga KIV, wato a dakata tukuna, ba tare da an faɗi rana ba. Wannan ita ce mai kashe magana. Ka sa mata rana da kanka, mako biyu ko wata guda, ka sake shigar da fayil ɗin. Aikinka na farko kowace safiya shi ne buɗe dayari ka fito da fayilolin ranar.

Ranar Alhamis ko safiyar Juma'a ka zaga tebur-tebur da littafin zirga-zirga, ka ga kowane fayil da idonka. Wanda ya wuce mako a wuri ɗaya, ka tuna wa mai shi cikin ladabi. In an nemi fayil an rasa, har aka buɗe na wucin gadi, a rubuta hakan a jeri, kuma ranar da na asali ya fito a haɗe su.

Amsar da za ta fita ita ma da littafinta. A yi kwafi biyu bayan an sa hannu, ɗaya ya shiga fayil, ɗaya mai karɓa ya buga masa hatimi ya dawo. Sai ka koma rajistar shigowa ka rubuta a gefen takardar farko cewa an amsa, ranar kaza.

Kwafi a kwamfuta

Muhimman takardu a ɗauki hotonsu, ko da da waya ne, a mayar PDF. Sunan kowanne ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar rajista da batu, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu. A ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a cikin ginin ba. Filashin ofis kada ya riƙa yawo shagunan buga takardu, can yake kwaso cutar kwamfuta. Takardun da ke ɗauke da bayanan mutane, kamar lambar NIN, asusun banki ko sakamakon asibiti, kada su zauna a wayarka, kada kuma a tura su zauren WhatsApp. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su.

Tsofaffin takardu

Sau ɗaya a shekara a fitar da rufaffun fayiloli daga kabad zuwa ɗakin ajiya, cikin kwalaye masu lamba, kan kantar ƙarfe, da jerin abin da ke cikin kowane kwali. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya adana takardun lissafinsa shekara shida. Takardun fili, rajistar kamfani ko ƙungiya, bayanan taro da fayilolin ma'aikata kuwa ba a zubar da su. Ofishin gwamnati ba ya ƙona fayil da ra'ayin kansa, akwai dokar adana takardun tarihi ta 1992, kuma Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da babban reshe a Kaduna, sai an bi ta hannun hukuma.

Abin da aka amince a zubar, a rubuta jerinsa, shugaba ya sa hannu, a yayyanka ko a ƙona a gaban shaida. Kada a ba mai shara ya fita da shi, don gobe za ka sayi tsire ko ƙosai a naɗe cikin takardar albashin abokin aikinka.

Kafin a tashi

Minti goma na ƙarshe na kwashe tebur ne. Tiren shigowa ya zama babu komai, ko da rajista kawai ka samu yi. Fayiloli su koma kabad, hatimi ya koma durowa, a kulle, a kashe soket. In za ka tafi hutu ko an yi maka canjin wurin aiki, rubuta takardar miƙa aiki: fayilolin da ke waje da hannun da suke, takardun da ke da wa'adi, lambar ƙarshe a rajista, da adadin makullai. Ku biyu ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Makullin kabad na biyu kuma a sa shi a ambulan, a liƙe, a sa hannu a kan liƙin, a ba shugaba ya ajiye.